Manhajar tsara allunan Pinterest: ta gyara min shafi, amma maɓalli ɗaya ya ci min mako uku

Wata huɗu ke nan ina biyan kuɗin ɗaya daga cikin manhajojin nan da ke tsara alluna, su kuma ɗora hotuna a lokacin da ka zaɓa a Pinterest, dandalin da ake nema da adana hotuna, inda allo yake nufin wurin da ake tara hotuna iri ɗaya a ƙarƙashin suna guda. Shafin na shagon huluna ne da ɗinkin maza. Masu harkar sun san irin waɗannan manhajoji, sun kuma san abin da ake cira da dala duk wata, ba sai na faɗa ba. Abin da ya sa na zauna rubuta wannan sharhi shi ne maɓallin da ke aika hoto guda zuwa alluna da yawa, domin shi ne ya ɓata min aiki ana dab da azumi, lokacin da masu ɗinkin Sallah suka fara neman samfuri.

Za ka ɗora hoton hula, ka rubuta take da bayani, ka sa adireshin shafin da kake so mai saye ya faɗa, sai ta jero maka allunanka ka zaɓi waɗanda kake so. Akwai wani ɗan akwati a ƙasa na tazarar da za a bari tsakanin allo da allo, amma a naɗe yake, sai ka taɓa shi zai buɗe. Idan ba ka taɓa ba, mintuna kaɗan take bari. Ban da wannan, tana cire adireshinka na asali ta sa nata gajere don ta riƙa ƙirga masu dannawa, kuma a kunne abin yake zuwa, babu wanda ya tambaye ka. To, hoton zanna bukar guda ɗaya ya shiga alluna 9 cikin ƙasa da awa guda, take ɗaya, bayani ɗaya, gajeren adireshi ɗaya. Hotuna 20 aka loda a ranar, wato 180 ke nan suka fita. Duk wanda ya daɗe a Pinterest ya san abu biyu ne dandalin ba ya so: maimaita hoto ɗaya babu ƙaƙƙautawa, da adireshin da ke ɓoye inda zai kai mutum. Halin masu tallan shara ke nan, kuma manhajar ta haɗa min su biyun a rana ɗaya.

Abin takaicin shi ne mai shafi ba ya saurin ganewa, don ba ka danna hotonka da kanka. A shafin ƙididdiga aka fara ganin alama: mutane na ci gaba da adana tsofaffin hotuna, amma adadin masu fita zuwa shafin shago daga sababbin ya kwanta ƙasa warwas. Da aka gwada da wata wayar, sai ga gargaɗi cewa an toshe adireshin. Kwana goma sha ɗaya ana ɗora kaya, ƙofar shago a kulle.

Gyaran da hannu aka yi shi, ɗaya bayan ɗaya, domin manhajar da ta iya watsa hoto 180 cikin awanni ba ta da hanyar canza adireshinsu a dunƙule. Da farko an kashe gajarta adireshi. Sannan kowane hoto aka bar kwafi ɗaya a allon da ya fi dacewa da shi, aka goge sauran takwas, aka buɗe wanda ya rage aka mayar masa da cikakken adireshin shago. Na rubuta wa masu manhajar, amsa ta zo bayan kwana biyar, kuma amsar ba ta taɓa tambayata ba, sai shawarar in duba shafinsu na tambayoyi. Wallahi wannan ya fi asarar kanta ɓata min rai.

Amma gaskiya ɗaya ce, ba zan ce manhajar ba ta da amfani ba. Akwai shafin da take jera allunanka daga mai motsi zuwa matacce, kuma shi ne ya nuna cewa cikin alluna 31 da ke shafin, fiye da rabi kwance suke. Dalilin a bayyane yake da zarar ka kalli sunayensu: "Sabbin kaya", "Namu na musamman", "Kaya masu kyau". Babu mai rubuta waɗannan a akwatin bincike. Pinterest ya fi kama da wurin nema a kan wurin hira, sunan allo da bayaninsa su ne suke gaya masa me ke ciki. Suna yana ɗaukar haruffa 50, bayani 500, kuma yawancin 'yan kasuwarmu bayanin a wofi suke barinsa. Dabarar da ta yi aiki ita ce ka fara rubuta kalma a akwatin binciken Pinterest ka ga abin da zai ƙarasa maka, wannan shi ne abin da mutane ke nema. Yawancin masu neman kayanmu da Turanci suke rubutawa, irin su Hausa cap ko kaftan styles for men, don haka sunan allo ya ɗauki wannan, bayanin kuma ya ɗauki sunayen gida: zanna bukar, damanga, kindai, dara, minista, a cikin jimloli na hankali, ba jerin kalmomi da waƙafi ba.

Alluna 31 sun koma 12. A nan ma a kula: kada a goge allo don ya mutu, gogewa na tafiya da duk hotunan da ke ciki. Ko dai a haɗe shi da ɗan uwansa hotunan su koma can, ko a kai shi ma'ajiya ya ɓace daga fuskar shafi ba tare da ya salwanta ba. Sabon allo kuma a bar shi a sirri har ya tara hoto goma zuwa goma sha biyar kafin a buɗe, allo mai hoto biyu yana sa shago ya yi kama da wanda aka kwashe. Sassan da ake yi a cikin allo suna taimaka wa mai dubawa, amma suna kawai gare su, babu wurin bayani. Idan abu ne da ake nemansa da sunansa, kamar babbar riga ta ango, a ba shi allonsa.

Manhajar ta kuma yi kyau wajen girman hoto. Tana yanka shi zuwa 1000 da 1500, wato tsayi ya ɗara faɗi da rabi, wanda shi ne Pinterest ke ba da shawara. Hoton Instagram mai kusurwa huɗu daidai yana fitowa ƙarami a tsakanin dogaye, ido ya wuce shi. Sai dai yankan nata daga tsakiya yake, hular da aka ɗauka a kan mutum sau da yawa samanta ne ke tafiya, wurin da aikin allurar yake. Sai ka duba kowanne kafin ka sake shi.

Har na yi niyyar ba ta tauraro uku saboda waɗannan, sai na tuna agogonta. Da lokacin Amurka take zuwa, kuma canza shi yana can cikin saitin asusu, ba a shafin da kake zaɓar lokaci ba. Hoton da aka tsara wa ƙarfe takwas na dare, bayan isha'i lokacin da mutane ke riƙe da waya, tsakar dare yake fita. Da na zauna na lissafa, asusun kasuwanci na Pinterest kyauta ne, yana da nasa shafin ƙididdiga, yana kuma barin ka tsara hoto ya fita wata rana. Abin da manhajar ta ƙara a kai shi ne jera alluna da kuma maɓallin nan na watsawa. Jera alluna aikin wata ɗaya ne ka gama, watsawa kuwa ita ce ta jawo toshewar. Tauraro biyu na ba ta.

Wanda ya riga ya biya, kafin ya loda komai ya kashe gajarta adireshi, ya mayar da agogo lokacin Najeriya, ya buɗe akwatin tazara ya sa aƙalla kwana biyu ko uku, kuma kada hoto ɗaya ya wuce alluna uku, na farkonsu ya zama wanda sunansa ya fi kusa da kayan. Kayan Sallah a fara ɗora su mako shida kafin ranar, don hoto a Pinterest yana ɗaukar lokaci kafin ya fara fitowa a bincike. Sabunta biyan kuɗi ma a kunne yake zuwa, na wata na huɗu ya fita daga katina kafin in kai ga kashe shi.