Injin turo ruwa na Shurflo Aqua King II a jirgin shaƙatawa: yadda na same shi

Masu tambaya ko wannan injin, mai turo ruwa daga tanki zuwa famfo, ya cancanci a saka shi a ƙaramin jirgin ruwa na shaƙatawa, amsata ita ce e, ya cancanta. Wanda nake amfani da shi mai galan 3 a minti ne, wajen lita 11 kenan, yana aiki da batir mai volt 12, kuma da kansa yake tsayawa in matsin ruwan ya kai PSI 55 (PSI ma'aunin matsi ne). Ka buɗe famfon kicin ya tashi, ka rufe ya yi shiru. Ga jirgin da ke da famfo biyu da shawa ɗaya ya wadatar, amma in mutum biyu suka buɗe lokaci guda za ka ga ruwan ya ɗan rage ƙarfi, wannan kuwa duk injin da ke wannan girman haka yake.

Abin da ya fi burge ni shi ne yana jawo ruwa da kansa ba sai ka ɗura masa ba, kuma in tanki ya ƙare bai ƙonewa don ya yi aiki a bushe. Sannan akwai wata 'yar hanya a cikinsa da ke mayar da rarar ruwa baya in ka buɗe famfo kaɗan, shi ya sa ba ya yawan tashi-ka-mutu ɗin nan da ke hana mutane barci. Wanda na cire kafin shi, ba sai na faɗi sunan kamfani ba, ko hannu za ka wanke sai ya riƙa tar-tar-tar ruwa na fitowa da tsalle.

To amma fa jama'a, rabin laifin da ake ɗora wa injin ruwa ba nasa ba ne. Maganar ƙara misali. In ka ɗaure shi a jikin katako mara kauri sannan ka haɗa shi kai tsaye da fayif mai tauri, duk jirgin zai koma ganga, saboda irin wannan injin da girgiza yake aiki. A sa tiyo mai laushi a bakin shiga da bakin fita, kada a matse kusoshin har robar ƙafafunsa ta lotse, sai ka ji ƙarar ta ragu sosai. Haka kuma rariyar da ake sawa tsakanin tanki da injin, don Allah kada a ce za a yi tsimin ta, ƙwayar yashi ɗaya ta maƙale a bawul ɗin ciki shikenan injin ya daina riƙe matsi. Murfinta garau yake kana ganin dattin da idonka, ka kwance ka wanke ka mayar, amma ka tabbata zoben robar ya zauna daidai, in ba haka ba iska yake zuƙa famfo ya dinga tofi.

In kuma ka ji ya tashi shi kaɗai da dare alhali duk famfo a rufe, kafin ka zage shi ɗauki tocila ka bi tiyo, akwai inda yake yoyo, galibi wajen kilif ɗin da ke ɗaure tiyo ko bayan tukunyar ruwan zafi. Kuma duk lokacin da za ka bar jirgin ka kashe makunninsa, domin shi bai san bambancin famfo da tiyon da ya ɓalle ba, zai juye maka tankin kaf a ƙasan jirgi ya ci gaba da gudu har batir ya mutu. Wayarsa ma a sa mai kauri da fis ɗin da takardarsa ta ce, siririyar waya mai tsawo tana cinye wuta sai injin ya zama kamar mai jin yunwa.

Wari da ɗanɗanon ruwa kuwa babu ruwan injin, daga tanki da tiyo ne. Ni a farkon kowace kakar fita nakan wanke layin gaba ɗaya da bilic na gida wanda ba turare a ciki, kusan mililita 1 ga kowace lita ta ruwa, in buɗe kowane famfo har in ji ƙamshin kulorin, in bar shi awa 4, sannan in zubar in ɗauraye har warin ya tafi. Mai tankin alminiyom ya yi hattara kada ya bar shi ya kwana, kulorin na cin alminiyom. Filtar gawayi kuma a famfon sha ake sa ta, in ka sa ta a bakin tanki ta cire kulorin ɗin da ke kare sauran layin. A duba zoben robar murfin da ake ɗura ruwa ta saman jirgi, in ya tsage ruwan gishiri da na wankin dandamali duk ciki suke shiga, kuma tiyon ɗura ruwa a nemi na ruwan sha, na ban ruwan fulawa ɗanɗanon roba yake sawa.

Masu ajiye jirgi a inda ruwa ke daskarewa, ruwan da ya rage a cikin injin in ya zama ƙanƙara yana fasa shi. Ko a tsiyaye shi tas, ko a zagaya da maganin daskarewa na propylene glycol da aka yi don layin ruwan sha. Na mota mai ethylene glycol guba ne, ko kusa da tankin kada ya zo.

Ga wanda jirginsa ke da banɗaki biyu ko injin wanki, wannan ya yi masa kaɗan, ya nemi mai galan 4 ko 5 a minti na irinsa, ya kuma duba ko wayar da ke wurin za ta iya ɗaukar sa.