RTX 5090: ASUS, MSI ko Gigabyte?

Wa'alaikumus salam, ɗan'uwa. Ka ce aikin tace bidiyo da zanen 3D kake yi a Kano, ka tara kuɗin katin girafik na RTX 5090, wani abokinka mai zuwa Dubai zai sayo maka, amma ka rasa wanda za ka ce ya ɗauko tsakanin ROG Astral na ASUS, Suprim na MSI da Gaming OC na Gigabyte. Allah ya sa wa sana'a albarka, don wannan sayayya ba ta wasa ba ce.

Ta wajen ƙarfin aiki, ukun nan ɗan Juma ne da ɗan Jummai. Ƙwaƙwalwar da ke cikinsu guda ce: Nvidia ta tsara ta, kamfanin TSMC na Taiwan ya ƙera, sannan aka sayar wa waɗannan kamfanoni uku, waɗanda su ma duk 'yan Taiwan ne. Memorin ma ɗaya, gigabait 32 na GDDR7. Nasu aikin shi ne su ɗora ƙwaƙwalwar a kan allonsu, su lulluɓe ta da ƙarfen da ke zuƙe zafi, su sa fankoki, su ɗan ƙara mata gudu. Katin da Nvidia ke yi da kanta, wato Founders Edition, an rubuta masa gudun MHz 2407, na Astral kuwa 2580. Ratar kashi 7 cikin 100 ke nan a takarda, kuma a aikace ba ta kai haka, domin kowane kati yana zarce abin da aka rubuta masa muddin ya sami sanyi. Aikin da ke cin minti 30 ba zai koma minti 20 ba don ka sauya suna. Amma ka dubi kuɗi: da katin ya fito a ƙarshen Janairun 2025, Nvidia ta yanka masa dala 1,999, Astral ya shiga kasuwar Amurka a dala 2,799. Dala 800 ba don gudu kake ba da ita ba. To, don me?

Mafi yawan amsar tana wajen wayar wuta, kuma a nan nake so ka natsu. Katin nan yana shan wat 575, kusan duk ta baki ɗaya tak, ƙaramin filogi da ake kira 12V-2x6, wanda iyakarsa wat 600. Wayoyi shida ne ke ɗauke da wutar. Idan sun raba kayan daidai, kowace tana ɗaukar wajen amfiya 8 (ma'aunin yawan wutar da ke bi ta waya), alhali iyakar da aka ƙayyade wa kowane fil, wato ɗan ƙarfen da ke bakin kowace waya, 9.5 ce. Ka ga tazarar ba ta da yawa. Idan fil ɗaya bai zauna da kyau ba, sai nauyin ya koma kan sauran, su ɗau zafi, roba ta narke. Tun a kan RTX 4090 a 2022 aka fara kukan narkewar filogi, aka gyara tsarinsa, amma a Fabrairun 2025 wani Bajamushe mai gwajin kayan kwamfuta da aka fi sani da der8auer ya auna a kan Founders Edition na 5090, ya tarar waya ɗaya tana ɗauke da sama da amfiya 20. Abin haushin shi ne katin bai san abin da ke faruwa ba, domin a wurinsa wayoyin shida duk guda ne.

A nan ASUS ta yi abin da sauran biyun ba su yi ba. Astral yana auna wutar kowane fil daban, kuma manhajarsu ta GPU Tweak III za ta yi maka gargaɗi idan wani ya ɗauki abin da ya fi ƙarfinsa. Sai dai gargaɗi ne kurum, ba ya daidaita wutar da kansa, kuma in ba ka kusa da kwamfutar, gargaɗin ya zama kiɗa a ruwa. Ga mai barin aiki yana tafiya cikin dare ya je ya kwanta, amfaninsa ya ragu sosai. MSI dabararta mai sauƙi ce: ta shafa wa bakin wayar da ke zuwa da katin launin rawaya, in ka soka kana hango rawaya, bai shiga ba. Ni dai wannan dabarar ta burge ni, don yawancin ɓarnar daga rashin sokawa da kyau take farawa. Gigabyte ba ta da wani abin nunawa a wannan fanni da ya kai waɗannan biyun.

Wajen sanyi da ƙara, Suprim ne ya fi samun yabon masu gwaji saboda shirunsa. Astral fanka huɗu gare shi, ta huɗun tana bayan katin, yana da sanyi ƙwarai amma an fi jin motsinsa. Gaming OC yana bin bayansu, ba da nisa ba. Duka ukun suna da ɗan maɓalli a jiki da ke sauya su tsakanin yanayin shiru da na ƙarfi. Ka tuna fa, alkaluman zafin da kake gani a YouTube a ɗaki mai sanyi aka auna su. Kai kuwa a watan Afrilu ɗakinka na iya kai digiri 38 ko 40 idan babu na'urar sanyaya ɗaki, kuma duk digirin da ɗaki ya ƙaru sai ya hau kan katin. Shi ya sa ban sa maka Founders Edition a lissafi ba: ya fi su kyan gani da ƙanƙanta, amma ya fi su zafi. Ga kuma ƙurar hunturu, wadda ba ta san ASUS ba balle MSI. Duk wanda ka saya, sai ka riƙa buɗe akwati kana hure shi.

Akwai wata magana a kan Gigabyte da ya kamata ka sani. A katunansu na wannan zubi sun yi amfani da wani abu mai danƙo maimakon 'yan katifun da aka saba sa wa memori don jan zafi. Wasu masu saye sun ga yana zurarowa, musamman waɗanda suka kafa katin a tsaye, kuma kamfanin ya amsa a 2025 cewa an zuba shi da yawa a kashin farko. In shi ka ɗauka, ka kwantar da shi yadda aka saba.

Girma kuma, kafin ka aika kuɗi ka ɗauko tef ka auna akwatinka. Astral da Suprim kowanne ya kusa milimita 360 a tsawo, nauyi kusan kilo 3, kauri ya kusa cinye gurbin kati huɗu a akwatin kwamfuta. Gaming OC ya ɗan fi su gajarta, wajen milimita 340. Ka bar sarari tsakanin filogin da murfin akwati, kada wayar ta lanƙwashe daga fitowarta, kuma ka sa sandar tokare da ke zuwa cikin kwali, don nauyin kada ya rinjayi madabod, wato babban allon da ake soka katin a kai.

Sai garanti. A takarda Gigabyte ta fi su: shekara huɗu idan ka yi rajista da wuri, su kuma biyun uku-uku a mafi yawan ƙasashe. Amma garantin kati yawanci yana bin yankin da aka saye shi. Katin Dubai in ya lalace, Dubai zai koma, da rasit ɗinsa. Saboda haka shagon da abokinka zai shiga ya fi sunan da ke jikin kwalin muhimmanci. Ya saya a wurin dillali mai izini, ya karɓi rasit mai ɗauke da lambar katin, ya tambaye su yadda ake dawo da kaya. Idan ya ga farashi ya faɗi ƙasa fiye da kima, ya wuce abinsa, domin an sha kama katunan 4090 da aka cire musu ƙwaƙwalwa da memori aka mayar da murfi, a waje sumul, a ciki wayam. Ya kuma lura da harafin D: 5090D na kasuwar China ne, an rage masa ƙarfi a wasu ayyuka saboda takunkumin Amurka, kuma D V2 memorinsa gigabait 24 ne kacal.

Da ni ne kai, Suprim zan ce ya ɗauko, idan ratarsa da Gigabyte ba ta yi yawa ba. In ta yi yawa, Gaming OC zai yi maka aikin nan ba tare da ka ji bambanci ba. Astral sai in kuɗin ba ya damunka, ko kana buƙatar ramin HDMI biyu, don shi kaɗai ke da su a cikin ukun. Rarar kuɗin ka zuba ta a PSU, wato na'urar da ke raba wa kayan cikin akwati wuta: Nvidia ta ce wat 1000, ni zan ce ka nemi 1200 mai tsarin ATX 3.1 da tasa wayar. Ka lissafa da inbata ko UPS ma, don mai kVA 1 ba zai ɗauki wannan kwamfutar ba. Kuma da manhajar Afterburner ta MSI, wadda ke aiki da kowane kati ba na MSI kaɗai ba, kana iya rage masa shan wuta zuwa kashi 80, ka yi asarar gudu kaɗan, zafi da nauyin da ke kan filogin su sauka.

Ranar da ya iso, tun abokin naka bai jefar da rasit ba, ka sauke manhajar GPU-Z, mai nuna bayanan kati, ka duba layin da aka rubuta ROPs, wato adadin wasu sassan ƙwaƙwalwar masu fitar da hoto. Nvidia ta amsa cewa wasu 'yan katuna, ƙasa da rabin kashi 1 cikin 100, sun fito da naƙasa a nan, kuma abin bai keɓanta da kamfani ɗaya ba. Lafiyayye 176 zai nuna. In ka ga 168, mayar musu.