Waldar rim ɗin Corolla: sati uku kacal ta yi mini

Daren wata Alhamis cikin damina, ina dawowa daga Zariya, na faɗa wani rami da ruwa ya rufe bayan na wuce Kwanar Ɗangora. Ƙarar da na ji har cikin haƙorana. Taya ba ta fashe ba, na lallaɓa na iso Kano, amma da safe na tarar ta gaba ta hannun dama ta kwanta. Mai facin unguwarmu ya ba ta iska ya shafa ruwan sabulu, sai ga kumfa daga leɓen rim na ciki. Wurin ya lotsa, ga tsaga kamar tsawon ɗan yatsa. Har ya ɗauko guduma, na riƙe hannunsa. Rim ɗin ƙarfe ake bugawa ya miƙe, na alminiyam irin nawa kuwa in ka buge shi da sanyinsa ƙara darewa yake yi.

Motar Corolla ce ta 2010, rim inci 16, kuma kun san yadda kuɗin rim ɗin beljiyam ya koma yanzu. Shi ya sa da aka yi mini kwatancen wani mai waldar argon, irin wadda ake yi wa alminiyam, ban yi gardama ba.

Gaskiya ran nan aikinsa ya burge ni. Dattijo ne mai natsuwa. Ya kankare wurin tas, ya huda ɗan ƙaramin rami a ƙarshen tsagar, ya ce, "Alhaji, wannan shi zai hana ta ci gaba da tafiya." Ya gasa leɓen, ya matse shi a hankali har ya dawo daidai, sannan ya fafe tsagar ya cike ta ciki da waje, ya goge. Ina tsaye a kansa har la'asar. Aka mayar da taya, aka tsoma a ruwa, ko ɗigon kumfa babu. Na biya abin da ya faɗa ban nemi ragi ba, har na ƙara wa yaransa na shayi. Da daddare a majalisa babu wanda ban yi wa tallarsa ba, mutum biyu ma sun karɓi kwatance a wurina.

Wurin balansin ne na fara jin wani iri. Yaron ya yi ta liƙa dalma, inji na ta neman ƙari, ya ce rim ɗin yana ɗan rawa. Cikin gari ba ka jin komai, amma da allura ta kusa 100 sai sitiyari ya fara kaɗawa a hannuna. Na ce a raina zan saba.

Cikin sati na uku muka tashi zuwa biki a Gaya, ni da maiɗakina da yara uku. Ba mu kai Wudil ba na ji motar tana ja dama. Na sauka gefen titi, taya ta sace, rim ya kusa taɓa ƙasa. Tsaga ce sabuwa, dab da inda aka yi waldar. Har yau in na tuna yaran nan a baya, da gudun da nake yi kafin na ji jan, gabana faɗuwa yake yi.

Na koma wurin mai waldar da rim ɗin a hannu. Ko juya shi bai yi ba ya ce, "Alhaji, ai wani ramin ka sake faɗawa." Wallahi ban faɗa ba. Bakanikena ne daga baya ya yi mini bayani cewa zafin walda yana tausasa alminiyam ɗin da ke kewaye, kuma rim ɗin da aka yi wa walda bai kamata ya zauna a gaba ba, inda nauyin inji da birki suke. To mutumin da ya san ya huda ƙarshen tsaga bai san wannan ba? Ya sani sarai. Da ya ce mini, "Mayar da shi baya," ko "Bar shi a safaya," da har gobe ina yabonsa. Hannunsa yana da kyau, ban janye wannan ba, shirun da ya yi ne ya ƙona mini rai. Kuma sai yanzu nake ganin fentin fuskar rim ɗin da wuta ta babbake, wanda ya ce zai fesa bai fesa ba.

Ƙarshe dai kasuwar kayan mota ta Ƙofar Ruwa na nufa neman wani rim. Na farkon da aka miƙo mini na Camry ne, huji biyar kamar nawa, amma tazarar hujinsa milimita 114.3 ce, ta Corolla kuma 100, ba zai shiga ba. Na biyun sai da aka ɗora shi a inji na ga yana juyawa sumul kafin na ciro kuɗi. Sitiyari ya daina kaɗawa tun ranar.

Murfin tsakiya mai tambarin Toyota da yaran mai waldar suka cire kuwa, zuwana uku ke nan ana ce mini a dawo gobe.