Zanen Ramayana da na sayo a Udaifur

Wata uku ke nan da dawowata daga Indiya, sai yau raina ya kwanta na iya rubutu a kan zanen da na sayo a can. Ƙaramin zane ne, bai kai shafin littafin makaranta ba. Wani yanki ne na Ramayana, tsohon labarin addinin Hindu: Rawana, sarkin aljanu mai kai goma, ya sace Sita matar Rama, gwarzon labarin, wani ungulu mai suna Jatayu ya tare shi a sama suna gwabzawa. A wani shago na saye shi, cikin lungunan da ke kusa da fadar sarki a Udaifur.

Mai shagon ya iya baki, wallahi. Ya zaunar da ni, aka kawo shayi, ya ɗauko buroshin gashin jelar kurege ya nuna min, ya ce launukan duk daga dutse aka niƙa su, zinaren kuma na gaske ne. Ya ce salon Mewar ne, wato tsohuwar masarautar da Udaifur ke cikinta, irin na Sahibdin, Musulmin da ya zana wa sarki Jagat Singh labarin Ramayana wajen 1650. Jin sunan Musulmi a aikin ne ma ya sa na daina ciniki, na ƙirga masa kuɗinsa.

Da na kai shi a sa masa firam, sai yaron ya ce, "Alhaji, wannan ai bugawa aka yi." Na yi masa tsawa. Ya miƙo min madubin ƙara girma. Layukan fuskar Sita da na karusar duk ɗigo-ɗigo ne na inji, launi kawai aka shafa a sama. Kunyar da na ji a gaban yaron nan ta fi min asarar kuɗin zafi.

Amma in faɗi gaskiya, fuka-fukan Jatayu hannu ne ya yi su. Gashi ɗaya-ɗaya, siriri kamar zare, da jan jini inda takobi ya sare. Nakan tsaya in kalle su. Ko uwargida da ta ce ba za a rataye mata hoton abin bautar wasu a falo ba, ta yaba wannan wurin kafin ta tura shi ɗakin karatuna.

Sai kuma hunturu ya shigo, zinaren "gaske" ya fara ɓarewa yana zuba cikin gilashi. Na tura wa mai shagon hoto ta WhatsApp sau biyu. Ya gani, shiru har yau.