Idon Haske ko Agogo: Wa Ya Fi Iya Kunna Fitilun Titi?

Fitilun layi guda sukan rataya ne a kan makunni ɗaya, kuma abu biyu ke ba shi umarni: na'urar jin haske ko agogo.

Na'urar jin haske sama take kallo. Duhu ya yi, ta kunna. Gari ya waye, ta kashe. Hadari ya haɗu da rana tsaka ma kunnawa take, kuma daidai ne. Matsalarta datti: ƙura ko kashin tsuntsu ya rufe idonta, sai ka ga fitilu na ci da rana ƙiri-ƙiri.

Agogo kuwa ba ruwansa da sama. Na da sai an riƙa gyara shi, tunda tsawon yini na canzawa. Na zamani yana lissafa faɗuwar rana da kansa daga kwanan wata da matsayin wurin. Ni shi na fi so, ko da yake bai san hadari ba.