Tonik tun yaro na zazzaɓi, ko sai ya warke?

Da damina a Gusau, idan zazzaɓin cizon sauro ya kama yaro har tafin hannunsa ya yi fari, wata uwa kemis take rugawa ta sayo tonik ɗin ƙarin jini. Wata kuwa maganin zazzaɓin take fara nema, tonik ɗin mai sinadarin ƙarfe ya biyo baya. Ni bayan ta biyun nake.

Da cuta ta tayar da kumburi, hanta na ƙara fitar da wani sinadari mai suna hefsidin, shi kuma ya lalata ferofotin, ƙofar da ƙarfe ke bi daga hanji zuwa jini. Wanda saifa ta tsamo daga tsoffin ƙwayoyin jini ma sai ya maƙale, ɓargo mai haɗa sabon jini na jira. Jiki ke ɓoye shi don kada ƙwayoyin cuta su samu. Tonik ɗin da aka ɗura wa yaro a lokacin, kaɗan ke shiga, sauran ya baƙanta masa kashi. Binciken tsibirin Pemba na Tanzaniya na 2006 ya nuna yaran da aka ba ƙarfe a yankin sauro sun fi kwanciya asibiti.

Da zarar cutar ta tafi, sai hefsidin ya sauka, cokalin tonik ɗin ya yi amfani. Amma yaron da ke haki, idonsa fari fat, asibiti za a kai shi yau.