Kafin Ka Sayi Littafin Labarin Soja Mai Zafi: Wanne Ya Cancanci Kuɗinka, Wanne Ne Jabu

Ƙagaggun labaran soja masu zafi suna da bango kusan iri ɗaya: jirgi mai saukar ungulu a sama, wuta tana ci daga nesa, mutum ya juya baya riƙe da bindiga, sannan sunan marubuci da manyan haruffa. Wanda ya dogara da bango wajen zaɓe ya yi cinikin biri a sama, domin a ƙarƙashin wannan kamanni akwai nau'o'i da suka sha bamban ƙwarai, kuma mai son ɗaya yana iya ƙosawa da ɗayan tun kafin ya kai babi na uku. Akwai labarin 'yan tsirarun sojoji da aka tura aiki guda, akwai labarin na'urori da manyan makamai, akwai na jarumi tilo mai ɗaukar fansa, akwai kuma wanda tsohon soja ya rubuta daga abin da ya gani ko ya ce ya gani.

Abin da ke jan mai karatu zuwa ga waɗannan littattafai shi ne saurinsu, amma mutane da yawa suna ɗauka cewa yawan harbe-harbe ne ke kawo saurin, alhali kuwa ba haka ba ne. Littafin da ake harbi a kowane shafinsa yakan gundure mutum da wuri, saboda idan an kashe mutum hamsin a babi na farko babu abin da mutuwar na hamsin da ɗaya za ta ƙara. Abin da ke hana a ajiye littafi shi ne a sanar da mai karatu aikin da za a yi, da lokacin da ya rage, da abin da zai faru idan an makara, sannan a bar shi yana kallon shirin yana wargajewa kaɗan-kaɗan. Da wannan ma'auni nake auna kowane littafi, kuma da shi ne nau'i na farko ya yi wa sauran fintinkau a wurina.

Labarin 'yan tsirarun sojoji da aiki guda shi ne wanda nake ba kowa shawara ya fara da shi. Marubucin da ya fi kafa wannan salo shi ne Alistair MacLean, ɗan Sukotland wanda ya yi aiki a rundunar mayaƙan ruwan Birtaniya lokacin Yaƙin Duniya na Biyu. A littafinsa The Guns of Navarone na 1957, mutum biyar aka tura su hau wani dutse mai tsananin tsayi a wani tsibirin Girka da marubucin ya ƙirƙira, domin su lalata manyan bindigogin Jamusawa kafin jiragen ruwa su zo kwashe sojoji 1,200 da suka maƙale a wani tsibiri na kusa. Duk abin da ake bukata yana cikin wannan tsari. Mutanen ba su da yawa, don haka mai karatu ya san kowa da sunansa da halinsa, kuma idan ɗaya ya karye a ƙafa sai abin ya zama babbar matsala, domin dole a yanke shawara ko a ɗauke shi a rasa lokaci ko a bar shi a hannun abokan gaba. Ranar zuwan jiragen kuma ba ta canzawa, ko an shirya ko ba a shirya ba.

Wani abin da wannan nau'i ya fi saura shi ne ba ya bukatar ɓoye ƙarshen labari kafin ya riƙe mutum. Littafin Jack Higgins na 1975, The Eagle Has Landed, yana ba da labarin sojojin laima na Jamus da aka sauke a wani ƙauyen Ingila a 1943 domin su sace Winston Churchill, firaministan Birtaniya na lokacin. Kowa ya san ba a taɓa sace Churchill ba, amma duk da haka sai a ga mai karatu ya kasa ajiyewa, saboda tambayar da ke ransa ita ce ta ina shirin zai ɓaci, da kuma wa zai tsira. Marubucin ya yi abin da ba kasafai ake yi ba, wato ya sa sojojin abokan gaba su zama mutane masu hankali da mutunci, har mai karatu ya riƙa jin tausayinsu yana kuma fatan kada su yi nasara.

Frederick Forsyth ya ƙara wa wannan salo wani abu da nake ganin ya fi komai daɗi, wato bayanin shiri. Shi ɗan jarida ne da ya yi aiki da Reuters da BBC, kafin nan kuma ya tuƙa jirgi a rundunar sojan saman Birtaniya, kuma idon ɗan jaridar ya fito fili a littafinsa The Dogs of War na 1974, inda wani attajiri ya ɗauki sojojin haya su kifar da gwamnatin wata ƙasar Afirka da babu ita a taswira. Harin kansa 'yan shafuka ne a ƙarshen littafin. Mafi yawan labarin a kan yadda ake buɗe asusun banki ne, da yadda ake samun takardar shaidar wanda zai yi amfani da makamai, da yadda ake sayen jirgin ruwa a ɓoye bindigogi cikin gangunan mai. Wanda bai karanta ba zai zaci wannan zai gundure shi, amma kowace takarda da kowane jami'in kwastan wata kafa ce da asiri zai iya tonuwa ta cikinta, don haka zuciya ba ta kwanciya. Waɗannan tsofaffin littattafai kuma ba su da kauri sosai, kowannensu labari ne cikakke wanda ba ya tilasta wa mutum sayen na biyu. Aibinsu dai a bayyane yake: mata ba su da wani gurbi na kirki a cikinsu, kuma ra'ayoyin zamaninsu game da Afirka da sauran ƙasashen da aka yi wa mulkin mallaka sukan fito a wasu shafuka ta yadda za su sosa rai.

Nau'i na biyu, labarin na'urori da makamai, Tom Clancy ne ya yi masa suna da The Hunt for Red October, wanda maɗaba'ar Naval Institute Press ta buga a 1984, a kan wani kyaftin na Tarayyar Sobiyet da ya gudu da jirgin ƙarƙashin teku zuwa Amurka. Clancy bai taɓa yin aikin soja ba, dillalin inshora ne lokacin da ya rubuta shi, kuma wannan ya isa hujja cewa bincike yana iya maye gurbin kaki. Wanda ke son sanin yadda ake gano jirgin ƙarƙashin teku ta hanyar sauraron ƙararsa, ko yadda makami mai linzami ke bin abin da aka saita shi a kai, zai ji daɗin wannan nau'i. Sai dai a sani cewa littattafan da suka biyo baya sun yi ta ƙara kauri har wasu suka haura shafi 800, kuma akan tsayar da faɗa ana tsaka da shi domin a yi bayanin injin jirgi. Na farkon ya cancanci saye, sauran kuwa sai mai haƙuri.

Labarin jarumi tilo da aka kashe masa iyali ko abokan aiki ya fito ɗaukar fansa, wanda harsashi ba ya samunsa kuma nasa ba ya kuskure, idan an karanta ɗaya an karanta duka. Haka nan labarin yaƙin duniya na uku da ake tsalle daga fadar shugaban ƙasa zuwa jirgin yaƙi zuwa tankar yaƙi, da mutane sittin waɗanda ba a tuna sunan ko ɗaya daga cikinsu.

Littattafan tsofaffin sojoji suna bukatar a tsaya a kansu kaɗan. Sun yi ƙarfi ne bayan fitowar Bravo Two Zero a 1993, wanda wani tsohon sojan kundumbala na Birtaniya ya rubuta da sunan aro na Andy McNab, a kan mutum takwas da aka sauke a Iraƙi a watan Janairun 1991, inda uku suka mutu, aka kama huɗu, ɗaya kuma ya tsere da ƙafa har Siriya. An sayar da shi a matsayin labarin gaskiya, daga baya kuma aka yi ta jayayya a kan wasu sassansa, musamman yawan mutanen da aka ce an kashe. Abin da irin waɗannan marubuta suka fi kowa iyawa shi ne ƙananan abubuwa: nauyin jaka, sanyin dare, bororon ƙafa, da irin barkwancin da sojoji ke yi cikin tsoro. Amma iya harbi daban, iya gina labari daban, kuma da yawansu bayan littafi na farko sai su koma ga jarumin nan da ba ya mutuwa. A duba kuma yadda suke zana abokin gaba. Tun bayan harin 11 ga Satumban 2001, mugu a yawancin waɗannan littattafai ya tashi daga ɗan Sobiyet ya koma mutumin Gabas ta Tsakiya, sau da yawa ba shi da suna balle dalili, kuma ban da rashin adalcin da ke ciki, abokin gaba marar wayo yana kashe zafin labari, tunda babu fargabar zai yi nasara.

Zaɓen nau'i ma shi ne mai sauƙi, inda aka fi yin asarar kuɗi shi ne wajen tantance wanda ya rubuta littafin da ke hannu. Cikin manyan marubutan irin waɗannan labarai, Robert Ludlum ya rasu a 2001, Tom Clancy da Vince Flynn duk sun rasu a 2013, amma sabbin littattafai ɗauke da sunayensu sun ci gaba da fitowa, waɗanda wasu marubuta ke rubutawa da izinin magada. Wannan ba haramtacce ba ne, kuma sunan wanda ya yi rubutun yakan kasance a bangon, sai dai da ƙananan haruffa a ƙasa, yayin da sunan mamacin ya cika rabin shafi. Wasu daga cikin magadan alƙalamin sun ƙware, wasu kuwa sunan jarumi kawai suka gada. Mai saye ya karanta bango tun daga sama har ƙasa, ya buɗe shafin da ke ɗauke da shekarar bugu na farko, ya gwada ta da shekarar da marubucin ya rasu.

Waɗanda suka fi wannan muni su ne na jabu tsantsa, kuma a shagunan intanet suka fi yawa. Ni kaina an taɓa sayar mini da abin da na ɗauka littafin wani sanannen marubuci ne, sai ga ɗan siririn abu mai ɗauke da taƙaitaccen bayanin labarin, an kwaikwayi launin bangon da salon haruffansa, kalmar da ke nuna cewa taƙaitawa ce kuma an maƙale ta a inda ido ba ya kaiwa. Tun daga nan yawan shafuka nake fara dubawa kafin komai, domin cikakken labari irin wannan ba ya zuwa a shafi 40 ko 60. Sai kuma littattafan da ake haɗawa da ƙirƙirarriyar basira, waɗanda suka yi yawan da har a watan Satumban 2023 Amazon ya taƙaita masu buga littafi da kansu a dandalinsa zuwa sabbin littattafai uku a rana. Alamominsu ba sa ɓuya ga mai lura: marubucin da ya fitar da littafi goma cikin wata biyu, tarihin rayuwa da ke cewa shi tsohon sojan kundumbala ne ba tare da ambaton ƙasa ko runduna ko shekara ba, da jerin yabo daga masu karatu waɗanda duk aka rubuta su rana ɗaya da kalmomi iri ɗaya. A cikin rubutun kuwa za a ga sajan ya zama kyaftin a babi na gaba ba tare da ƙarin girma ba, ko bindigar da aka jefar a kogi ta sake bayyana a hannun mai ita.

Iƙirarin aikin soja shi kansa abin tuhuma ne, tunda yana sayar da littafi kuma yana da wuyar tantancewa. Sunan aro ba laifi ba ne, domin wasu tsofaffin sojoji na gaske suna ɓoye sunansu saboda tsaro, amma waɗannan akwai sanannen kamfanin ɗab'i a bayansu da ya san ko su wane ne. Wanda ya ɓoye suna, ya ɓoye fuska, kuma babu maɗaba'ar da ta tsaya masa, a ɗauki labarinsa a matsayin ƙage kawai, kada a biya ƙarin kuɗi don an ce gaskiya ne.

Bugun satar fasaha kuwa ana gane shi da takarda mai shara-shara da rubutun baya ke fitowa ta gaba, da tawada mai dusashewa a gefen shafi, da manne mai sakin ganye da zarar an buɗe littafin sosai. A labarin da daɗinsa duka yana shafuka talatin na ƙarshe, babu takaicin da ya kai a iske an tsallake su ko an maimaita wani babi a gurbinsu, don haka a duba lambobin shafi na ƙarshen littafi kafin a biya. A gwada lambar ISBN, wato lambar shaidar littafi wadda tun 2007 take da alƙaluma 13, da wadda ke shafin intanet na kamfanin da ya buga littafin. A kula kuma da tsofaffin littattafan da aka fitar da suna ɗaya a Birtaniya, wani sunan daban a Amurka, domin mutum yana iya sayen labari ɗaya sau biyu. Mai son na sauraro ya tabbatar cikakke ne, saboda akwai bugun murya da ake yanke fiye da rabin labarin, kuma abin da ake fara yankewa shi ne bayanin shirin nan da ke sa harin ƙarshe ya yi armashi.